Tsofaffin Agogunan Suwizalan A Ƙauyukan Jazira: A Buɗe Murfin Baya Kafin A Yi Ciniki

Duk wanda ya tashi a Mai Wurno, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan Hausawa da ke jere a gaɓar Shuɗin Kogin Nilu tun daga Wad Madani har zuwa Damazin, ba zai rasa tuna wani dattijo guda a unguwarsu ba wanda shi ne agogon jama'a. Idan rana ta take tsaka aka fara gardamar ko Azahar ta yi ko ba ta yi ba, wurinsa ake juyawa. Sai ya janye hannun jallabiyarsa a hankali, ya ɗan nesanta tsintsiyar hannunsa daga ido, ya yi shiru kamar alƙali, sannan ya faɗi lokaci har da mintoci. Daga nan gardama ta ƙare, ladan ya miƙe.

Yawancin waɗannan dattawa sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Agogunansu kuwa sun daɗe a ƙasan adaka, naɗe cikin tsumma tare da carbi da tsohon fasfo da takardun gona. Babu wanda ya damu da su, domin yaran yanzu a waya suke duba lokaci. Abin da ya fito da su fili shi ne masifar da ta afka wa yankin: rikicin da ya ɓarke a jihar Nil Azrak cikin watan Yulin 2022, wanda ya raba dubban Hausawa da gidajensu, sai kuma yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023, ya iso Wad Madani a Disambar wannan shekarar, ya kuma kai Sinja a ƙarshen Yunin 2024. Mutumin da zai gudu da iyali ba zai ɗauki gadon kwana ko buhun dawa ba, abin da zai shiga aljihu yake ɗauka. Ta haka agogon kaka ya bi hanya, kuma a tasha ta farko ko ta biyu aka sayar da shi domin a biya kuɗin mota.

Sojojin gwamnati sun sake karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025, jama'a da dama sun koma gida, amma agogunan ba su koma ba. Suna nan suna yawo a tiren 'yan koli da aljihun dillalai, daga Gadarif zuwa Galabat da Matamma a kan iyakar Habasha, wasu sun haura Masar, kuma ba abin mamaki ba ne a wayi gari a ga wasunsu a Jibiya ko Illela ko Maigatari, domin kaya ba ya sanin iyaka.

A shirin kasuwanni da muke gabatarwa a rediyo, masu saurare sun yi ta tambayarmu ko tsohon agogon da ya faɗo hannunsu yana da wata daraja. Wannan ne ya sa muka ɗauki lokaci muna zama da masu gyaran agogo, waɗanda a nan Sudan ake kira sa'ati, muna kuma bin tarihin kamfanonin da suka ƙera su. Abin da muka fahimta shi ne, mai sayarwa bai san abin da ya sayar ba, mai saye ma bai san abin da ya saya ba. Wanda ke cin ribar mutum na uku ne, can a Alƙahira ko Dubai, kuma abin da ya fi su da shi guda ɗaya ne tak: ya iya karanta abin da ke rubuce a jikin agogon da cikinsa. Karatun kuwa ba ya buƙatar digiri.

Hanyar Hajji Da Kuɗin Auduga

Idan mai karatu bai manta ba, kakanninmu sun fara zama da yawa a wannan yanki ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas da jama'ar da ta rage, har suka sauka kusa da Sinnar, a garin da ake kira da sunansa har yau. Bayansu kuma ayarin mahajjata bai yanke ba. Daga Kano da Sakkwato da Damagaram a bi ta Maiduguri, a ratsa ƙasar Chadi, a shigo ta Jinaina, a kai Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa, daga nan sai Sawakin ko Bur Sudan, a tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, kuma guzuri kan ƙare a hanya. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai ya zama nan ne mahajjaci ke yada zango ya yi ƙodago ya tara kuɗin jirgin ruwa. Wasu sun je sun dawo sun zauna, wasu kuwa har suka tsufa suna cewa baɗi za su wuce.

Aikin Jazira aiki ne mai ƙa'idar lokaci. Ruwa da lokacinsa ake buɗe shi, mufattishi da lokacinsa yake zagaye, jirgin ƙasa kuma ba ya jiran kowa. A 1951, sa'ad da yaƙin Koriya ya ɗaga farashin auduga a duniya, masu hawasha, wato masu riƙe da filayen noman, sun ga kuɗin da ba su taɓa gani ba, aka yi ta sayen keke da rediyo da agogo. Sai dai a gaskiya mafi yawan Hausawa a lokacin 'yan ƙodago ne da masu noman raba-daidai, ba su ne masu filayen ba. Saboda haka agogon Bahaushe galibi ta hanya biyu ya zo: ko dai tsarabar Hajji daga kantunan Jidda da Makka, ko kuma kuɗin aikin Saudiyya, musamman bayan tashin farashin man fetur na 1973. A wancan zamani abu biyu ke nuna sabon alhaji tun daga nesa, haƙorin Makka idan ya yi murmushi, da agogo idan ya ɗaga hannu zai gaisa.

Wani abin ban sha'awa, har cikin shekarun 1960 lissafin sa'o'i a Makka daban yake, domin ana saita agogo ne a kan ƙarfe 12 daidai lokacin faɗuwar rana. Ke nan alhaji ya sayi agogon Bature, amma kullum da Magariba sai ya ja kansa ya gyara shi. 'Yan kasuwar Galabat da Kurmuk ba za su yi mamaki ba, tunda har gobe ƙarfe ɗaya na Bahabashe shi ne ƙarfe bakwai a lissafin Bature.

Sunayen Da Muka Taso Muna Ji

Idan aka ce agogo a Sudan ta wancan lokaci, sunaye biyu ne ke fara zuwa baki, Roamer da Jovial, waɗanda mutane ke kira Romar da Jofiyal. Roamer ɗan garin Solothurn ne a Suwizalan. Wani mai suna Fritz Meyer ne ya kafa masana'antar a 1888, a 1905 kuma ya haɗa gwiwa da wani maƙerin agogo mai suna Stüdeli, shi ya sa idan aka buɗe tsohon Roamer na ainihi ake ganin haruffa uku, MST, a jikin injinsa tare da wata lamba. A wancan zamani wannan kamfani da kansa yake ƙera injinsa, abin da kamfanoni da yawa ba sa yi.

Sai kuma West End, wanda a ganinmu shi ne ya fi cancanta a kira agogon mahajjata. Sunan wata unguwa ce ta Landan, amma agogon a Suwizalan ake yin sa, a wancan lokaci a garin Saint-Imier, kuma tun daga 1886 kasuwar Indiya aka nufa da shi. A lokacin yaƙin duniya na farko dubban sojojin Indiya da Ingila ta tura Iraƙi sun tafi da shi a hannu, daga nan ya yi suna a ƙasashen Larabawa a matsayin agogon da ke jure ƙura da zafi. Wanda ya fi shahara cikin samfuransa shi ne Sowar, kalmar da ke nufin barde a kan doki a harshen sojojin Indiya.

Rado ya zo daga baya, shi ne na 'yan gayu da waɗanda suka dawo daga Saudiyya da kuɗi. Samfurinsa DiaStar ya fito a 1962 da jiki na wani ƙarfe mai tsananin tauri da ba ya ƙarzuwa, shi ya sa za a ga na shekara 50 yana walƙiya kamar jiya aka saya. A fuskar Rado mai otomatik akwai wata 'yar alama mai siffar anga ta jirgin ruwa wadda ke juyawa idan aka karkata agogon. A jabu sau da yawa zane ne kawai, ba ta motsi. Omega da Longines da Rolex kuwa ba su yawaita a ƙauyukanmu ba, na manyan attajirai ne da manyan ma'aikata, amma akwai su jefi-jefi, kuma su ne dillalai ke farauta.

Abin lura a nan, dattawanmu sun fi sayen agogon farin ƙarfe saboda hanin da malamai suka yi wa namiji na ɗaura zinariya. Kada wanda ya gaji irin wannan ya raina shi don bai ga ruwan gwal ba. Masu tara tsofaffin agoguna a duniya suna matuƙar son na ƙarfen da ba ya tsatsa, har ma a wasu samfuran ya fi na zinariya tsada.

Me ya sa aka daina ganin sababbinsu? Ranar 25 ga Disambar 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar kwaz, wanda ya fi mai sifirin kiyaye lokaci. Cikin 'yan shekaru farashin irinsa ya faɗi warwas. Masana'antar Suwizalan ta shiga uku: ma'aikatanta da suka kai kimanin 90,000 a 1970 sun koma kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, kamfanoni kuma daga wajen 1,600 suka koma wajen 600. Sai a 1983, da manyan ƙungiyoyin kamfanonin biyu suka haɗe aka kuma fito da Swatch, sannan suka fara farfaɗowa. A kasuwanninmu kuwa Seiko 5 da Citizen da Orient suka maye gurbi, daga baya Casio ya zo ya share fage. Ke nan agogon Suwizalan mai murɗi da ke cikin adakar gidanku, akwai yiwuwar an ƙera shi ne tsakanin shekarun 1950 da 1970, kuma da yawa daga cikin masana'antun da suka yi su sun rufe, ko kuma an sayar da sunan ga wasu.

Abin Da Ke Rubuce A Jiki

A fara da fuska. A can ƙasa, wajen ƙarfe 6, akwai ƙaramin rubutu da ke cewa Swiss ko Swiss Made. Gwamnatin Suwizalan ta kafa dokar amfani da wannan suna a 1971, ta kuma tsaurara ta a 2017, inda ta ce sai kashi 60 cikin ɗari na kuɗin ƙera agogon ya kasance a cikin ƙasar aka kashe. Idan aka ga harafin T a gefen rubutun, alama ce ta cewa sinadarin da ke sa lambobin haske da dare shi ne wanda ake kira tiritiyam, wanda aka yi amfani da shi daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990. Haka zalika, idan murfin baya ya ce Waterproof, galibi agogon ya girmi 1970, domin daga wajen wannan lokaci ne kamfanoni suka koma rubuta Water Resistant. Kalmar Incabloc kuwa sunan wata dabara ce ta kare ƙafar injin daga karyewa idan agogo ya faɗi, wadda aka fito da ita a 1934.

Sai dai kada Swiss Made ya ruɗi kowa. Suwizalan ta yi agogunan talakawa miliyoyi masu inji mai arha, wanda ba a yi shi don a riƙa gyarawa ba. Inda ake gane su shi ne adadin duwatsu, abin da Larabawa ke kira hajar, Turawa kuma ke rubutawa Jewels ko Rubis. Agogo mai murɗi na kirki yakan zo da 15 ko 17, mai otomatik kuma 21 ko 25. Idan aka ga an rubuta dutse 1, to agogon ba na ajiya ba ne. Su kansu duwatsun yaƙutu ne na haɗi da ake yi a masana'anta domin rage gogayya, ba su da wani kuɗi idan aka ciro su. Mun faɗi haka ne saboda mun ga agogunan da aka farfasa wai ana neman jan dutse, ko kuma jar zaibar nan da ake ta almara a kanta, irin wadda ta sa aka yi ta wawar tsofaffin kekunan ɗinki na Singer a Saudiyya a 2009. Babu wata zaiba a cikin agogon hannu, ja ko fara.

Daga nan sai murfin baya. Idan an rubuta Stainless Steel ko Acier Inoxydable, jikin duka farin ƙarfe ne. Amma idan aka ga kalmar Back ko Fond a tare da su, to murfin ne kaɗai ƙarfen kirki, sauran jikin tagulla ce da aka shafe. Kalmar Plaqué da lamba 10 ko 20 ko 40 na nufin ruwan zinariya ne aka yi masa, lambar kuma kaurin ruwan ne. Zinariya ta gaske tana zuwa da lamba 750 ko 585, tare da ɗan hatimin gwamnatin Suwizalan: kafin 1995 kan wata mace ne ga mai 750, kurege kuma ga mai 585, daga 1995 aka koma kan kare.

Babban karatun yana ciki, kuma nan ne muke roƙon 'yan kasuwa su daina sa wuƙa ko ƙusa suna ɓamɓarar murfi. A kai wa sa'ati mai kayan aiki, a tsaya a kansa ya buɗe a gabanka. Abu na farko, sunan da ke fuska ya dace da abin da ke ciki. Omega a fuska, dole a ga Omega a jikin inji da kuma cikin murfi. Ga ƙananan kamfanoni kuwa, yawancinsu sayen ɗanyen inji suke yi daga manyan masana'antu su haɗa, saboda haka idan aka duba ƙarƙashin 'yar ƙafar nan da ke kai-komo da gilashin ƙara girma, za a ga wani ɗan hatimi mai haruffa AS ko ETA ko FHF da lamba a gefensa. Wannan ba aibi ba ne, shaida ce cewa injin ɗan Suwizalan ne, kuma da wannan lamba ake neman kayan gyaransa.

Manyan kamfanoni suna da lambar jeri wadda ke nuna shekarar ƙira. A tsohon Omega lambar na jikin inji: wadda ta kai miliyan 10 ta wajen 1944 ce, miliyan 20 wajen 1963, miliyan 30 kuma wajen 1969. A tsohon Rolex sai an cire sarƙa, domin lambar na tsakanin ƙahonni biyun da ke riƙe ta a ɓangaren ƙarfe 6, lambar samfuri kuma a ɓangaren ƙarfe 12. Kamfanin Longines ya fi kowa tsari a nan, don tun daga 1867 yake rubuta lambar kowane agogo a kundi, da ranar da ya fita da dillalin da aka aika wa. Duk wanda ke da waya mai intanet zai iya rubuta sunan kamfani da lambar ya ga jadawalin shekarun, kafin ma ya buɗe baki ya yi tayi.

Kuskuren Da Muka Yi

A nan ya kamata mu faɗi namu, don kada a ce muna wa'azi daga kan tudu. Mahaifinmu ya bar Roamer da ya sayo a Hajjinsa. Bayan rasuwarsa 'yan'uwa suka yafe mana shi, muka ga fuskarsa ta yi ja-ja-ja kamar tsohuwar takarda, gilashin ya daskare, sai muka kai shi birni wurin wani mai gyara muka ce a mayar da shi sabo. Bayan mako biyu muka karɓo shi yana ƙyalli, fuska fara fat, rubutu baƙi wuluk, har muka ƙara masa tukuici. Da Yaya, babbar gidanmu, ta gan shi, sai ta juya shi sau biyu ta ce wannan ba agogon Baba ba ne. Muka yi mata dariya.

Sai da muka fara wannan bincike wani tsohon sa'ati ya nuna mana abin da aka yi. An kankare fuskar an sake fenti, an goge jikin da inji har kusurwoyinsa suka zagaye, uwa-uba kuma babu MST a ciki, an cire injin an sa wani. Ko da gangan aka yi, ko kuwa injin ne ya gagara gyara aka musanya ba a faɗa mana ba, Allah ne masani. Yaya ce dai ta yi gaskiya.

Darasin da ke ciki ya saɓa wa duk abin da ɗan kasuwa ya saba da shi. A atamfa da takalmi da waya, sabo ya fi tsoho. A wannan fage kuwa tsufan ne kuɗin. Mai tara agoguna ya fi son fuskar asali ko da ta dafe, a kan wadda aka sake wa fenti, kuma sake fenti kaɗai na iya zubar da babban kaso na farashin. Gilashi da maɗauri ana iya canza su ba wata matsala, amma a adana na asalin. Idan agogo ya daɗe a ajiye kada a yi ta murɗa shi, domin man ciki ya bushe, ƙurar habub kuma ta shiga, sai haƙoran su ci juna. Wanki da mai kawai yake buƙata.

Irin wannan kwaskwarima a wasu wurare sana'a ce sukutum. A Indiya akwai masu tattara matattun agoguna, su haɗa injin wannan da jikin wancan, su buga sabuwar fuska mai launin kore ko ja ko shuɗi da sunan wani kamfanin Suwizalan, su cika kasuwa da su a kan arha. Masu tara agoguna har laƙabi suka yi musu da sunan birnin Mumbai. Idan aka kawo maka agogon da aka ce ya shekara 60, fuskarsa kamar yau aka buga, alhali bayansa duk tsatsa, ka san kyan ɗan maciji ne. Haka nan agogunan da ke ɗauke da tambarin wata ƙasar Larabawa a fuska, kamar wuƙar Oman ko takubban Saudiyya: na ainihi kyautar sarakuna ne kuma suna da tsada ƙwarai, saboda haka ne ma aka fi yin jabunsu.

Akwai kuma batun lafiya, musamman ga masu gyara. Agogunan da aka yi kafin shekarun 1960 masu lambobi masu haske, da sinadarin radiyam aka shafe su. Hasken ya daɗe da mutuwa, fentin ya koma ruwan ƙasa, amma gubar na nan, domin sai bayan shekara 1,600 ƙarfinta ke raguwa da rabi. A Amurka cikin shekarun 1920 'yan matan da ke shafa wannan fenti, suna lasar bakin burushi don ya yi tsini, da yawansu cutar ta ci ƙasusuwansu ta kashe su. Ɗaura agogon a rufe ba shi ne babban haɗarin ba, haɗarin shi ne a buɗe a kankare, ko a hura da baki kamar yadda muka ga wasu na yi, ƙurar ta shiga huhu. Kada kuma a bai wa yaro wanda gilashinsa ya fashe ya yi wasa da shi.

Maganar Kuɗi

Tun da aka sayar da Rolex ɗin ɗan wasan fim Paul Newman a kan dala miliyan 17.8 a birnin New York a 2017, duk mai tsohon agogo ya fara mafarki. Gara mu faɗi gaskiya komai ɗacinta: Roamer da Jovial da West End na yau da kullum an yi su da yawan gaske, kuma a kasuwar masu tarawa 'yan gomomin daloli ne kuɗinsu, sai wanda ya yi kyau ƙwarai ne ke haura ɗari. Omega na ƙarfe na shekarun 1960 mai lafiya, wanda ba a taɓa shi ba, yana kai ɗaruruwan daloli, wani ma ya wuce dubu. Rolex na ainihi kuwa maganar dubbai ake yi. Amma fa ga iyalin da ke gudun hijira, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari a 2021 tun ma kafin yaƙi, bambancin da ke tsakanin kuɗin mota ɗaya da dala 500 shi ne bambancin kwana a tasha da kama hayar ɗaki na watanni.

Saboda haka muna ganin akwai nauyi a kan ɗan kasuwar da ya sani. Ba mu ce kada a ci riba ba, kasuwa ai don riba ake zuwa. Amma wanda ya gane Omega ne a hannun bazawarar da ke neman kuɗin magani, ya ce mata tsohon ƙarfe ne ya ba ta na goro, shi ma ya san sunan abin da ya yi. Bugu da ƙari, agogon mamaci gado ne, akwai haƙƙin kowane magaji a ciki, mata da maza, kuma yaron da ya zaro shi daga adaka ya kawo kasuwa ba lallai ne da yawun sauran ya zo ba. Tambaya ɗaya ko biyu ba za ta kashe ciniki ba.

Mafi muni shi ne kayan wawaso. Kowa ya san gidajen da aka fasa a Khartum da Jazira, da kasuwannin da suka tsiro ana sayar da kayan mutane a fili. Agogo na cikin abin da ya fi saurin ɓacewa, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kasuwar da aka kawo wa agoguna biyar ko goma a leda ɗaya, daga hannun wanda bai san sunan ko ɗaya ba, ba ya buƙatar malami ya fassara masa. A nan lambar jeri na da wani amfani: wanda har yanzu nasa ke hannu ya ɗauki hoton fuska da baya da ciki, ya rubuta lambar a takarda, ya tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari. Mai saye kuma ya rubuta lambar a takardar ciniki da sunan wanda ya sayar masa da shaidu biyu, kamar yadda ake yi wa raƙumi ko babur.

Shi kuwa agogon Baba yana nan a wurinmu, da baƙon injinsa da sabuwar fuskarsa. Abin da ya rage na asali shi ne murfin baya. Da tsohon sa'atin nan ya juya cikinsa a hasken taga, sai ya nuna mana wasu ƙananan zane-zane da aka yi da tsinin allura, waɗanda ba mu taɓa lura da su ba. Ashe al'adar masu gyara ce, duk wanda ya wanke agogo ya sa masa mai sai ya bar alamarsa a ciki. Mun ƙirga guda huɗu, da hannu huɗu daban-daban, uku da lambobin Larabci, ɗaya da na boko. Mun kai wa Yaya ta gani, ta ce biyu daga ciki za ta iya tuna lokacinsu, domin duk sa'ad da agogon ya tafi gyara Madani, sai Baba ya yi mako guda yana aiken ta gidan maƙwabci tambayar lokaci.